Jinin da ke fita a aswaki

Masu sauraronmu a Anka, Gummi da Bukkuyum, wannan jinin da kuke gani a jikin aswaki da asuba alama ce ta ciwon dasashi. Dattin abinci ne yake daskarewa a gindin haƙori har ya yi tauri, dasashi ya kumbura ya riƙa janyewa, ƙwayoyin cuta su shiga ƙarƙashi suna cin ƙashin da ke riƙe haƙori. Sai baki ya fara wari, haƙori yana girgiɗi. Ciwon suga da shan taba suna ƙara masa gudu.

Kurkure baki da ruwan gishiri na rage raɗaɗi, amma ba ya cire dattin da ya daskare. Sai likitan haƙori ya kankare shi har ƙasan dasashi, wani lokacin a haɗa da magani ko tiyata. Ƙashin da ya riga ya zaizaye kuwa da wuya ya dawo.

Iyaye, yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Yana iya zama cutar noma, wadda kan ci kunci cikin makonni. Asibitin Noma na Sakkwato, tun 1999, yana karɓar irin waɗannan yara.