Malamin lakwal ne ke fara ganin bencin da babu kowa



In ana zancen cin zarafin mata, hankalinmu ya fi tafiya wajen jandarma da alƙali. Amma su sai ɓarna ta auku suke ji. Wanda ke fara gani shi ne malamin lakwal. Kowace safiya yana kiran suna. Yarinya ta yi fashin kwana uku, ko ta zo da kumburi a fuska, ko mai surutu ta koma shiru, duk a gabansa ne. Sau nawa yake aje alli ya taka zuwa gidansu ya tambaya?

Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa a Nijar, cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, an aurar da 76 kafin su cika 18, 28 kuma kafin su cika 15. Ku tuna da Hadijatu Mani, wadda aka sayar a matsayin wahaya a 1996 a kan jika 240, tana da shekara 12, lokacin da sa'o'inta ke shirin jarrabawar sartifika. Sai a 2008 kotun CEDEAO ta kama ƙasarmu da laifin ƙin kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa.

Wasu za su ce wannan aƙidar nasara ce. To, Shehu Usman ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar nan, kuma ya soki malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u ita ta aika jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata.

Doka ma akwai ta. Dekiren watan Disamba na 2017 da ƙa'idojin da suka biyo shi sun bai wa ɗaliba damar ci gaba da karatu ko ta yi aure ko ta samu ciki. Iyaye da yawa ba su taɓa jin haka ba, kuma darektan lakwal ne ya kamata ya gaya musu.

Sai dai mu duba namu gida. Malamin da ke zane yara da bulala yana koya wa yaro namiji cewa mai ƙarfi duka yake yi, kuma da wannan darasin zai shiga ɗakin aurensa. Haka wanda ke sa mata kaɗai shara da ɗibar ruwa, maza na ƙwallo. Mafi muni shi ne mai neman ɗalibarsa da alkawarin maki, abokan aikinsa kuma su rufa masa asiri, a ƙarshe a canza masa gari kawai. Uban da ya ji labarin nan ya cire ɗiyarsa, da wane baki za mu ba shi haƙuri? Ina roƙon sandikocin malamai, da suka iya yajin aiki kan albashi, su daina tsaya wa irin wannan mutum in an kai shi gaban shari'a.