Awon Da Ba Ya Maimaituwa: Gwajin Ƙarfin Kankare



Mai sayen hatsi in ya yi shakkar mudu, sai ya ce a juye a sake awo. A ɗakin gwajin kankare babu wannan dama. Ana zuba kwaɓi a mazubi mai milimita 150 ta kowane gefe, in ya daskare a jiƙa shi cikin ruwa, ranar da ya cika kwana 28 a danne shi da inji har ya fashe. Lambar da ta fito ita ce ƙarfinsa, shi kuwa ya zama ɓaraguzai. To, in injiniya ya nemi ƙarfin ya kai 25 aka samu ƙasa da haka, laifin kankare ne, ko na inji, ko na hannun ma'aikaci?

Masana'antun motoci na Amurka sun daɗe da hanyar tantance ma'auni: ma'aikata uku su auna kaya goma, kowanne sau biyu ko uku, a duba yadda lambobin suka saɓa. Ƙa'idar da ƙungiyarsu ta AIAG ta yaɗa ita ce, in kuskuren awo bai kai kashi 10 cikin 100 na dukkan bambancin da aka gani ba, ma'auni ya yi. In ya haura kashi 30, ba a yarda da shi. Amma duk wannan sai kayan ya tsira bayan awo.

Tunda namu ba ya tsira, sai a yi dabara. Daga kwaɓi ɗaya, a lokaci ɗaya, a zuba samfura da yawa, a ɗauke su tamkar abu guda. Kowane ma'aikaci a ba shi nasa rukunin ya fasa. Saɓanin da aka gani cikin rukuni ɗaya, shi ake lissafawa a matsayin kuskuren awo.

A nan nake so mu yi hattara, domin nan ake yawan zamewa. Samfura biyu ba sa taɓa zama ɗaya sak. Wani an daddage shi sosai, wani iska ta maƙale a cikinsa, wani an bar shi a rana kafin ya shiga ruwa. Duk wannan yana shiga lissafi da sunan kuskuren inji. Saboda haka in saɓanin ya fito kaɗan, a kwantar da hankali. In ya fito da yawa, kada a yi saurin tuhumar inji. A fara bincikar yadda aka zuba samfuran. A duba saurin dannawa ma, domin wanda ya matsa da gaggawa yakan samu lamba mai girma fiye da gaskiya.

Shi kansa injin ana iya gwada shi da na'urar auna nauyi da aka tantance, wadda ba ta fashewa. A ƙasar da benaye ke rushewa kan mutane, sakaci da wannan ba shi da uzuri. Duk wanda aka miƙa wa takardar sakamako, ya tambayi ranar da aka daidaita injin kafin ya sa hannu.