Citta da akwatin zaɓe a ƙaramar hukumar Jama'a

Arzikin Kudancin Kaduna a buhun citta yake. Daga Kachia da Kwoi zuwa Kafanchan, manomi yana shanya ta a bakin titi, dillali ya loda tirela zuwa tashar jirgin ruwan Legas. Idan kasuwar Turai da ƙasashen Larabawa ta yi sanyi, mai shago a Kafanchan ma zai ji a aljihunsa. A 2023 kuma annoba ta ruɓar da cittar tun tana cikin ƙasa.

A irin wannan hali, ƙofar da talaka ya fi kusa da ita ita ce sakatariyar ƙaramar hukuma. To wa ya ɗora shugabanta?

A 2018 Kaduna ta fara zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, aka maimaita a 2021, har 'yan adawa suka ci wasu kujeru. A 2024 aka ajiye na'urar, jam'iyya mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman duka 23. Wannan koma baya ne.

A shekarar ce Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Manomi yana son ya ga kuɗin a iri mai lafiya da hanyar fito da amfanin gona, kuma sai ciyaman da ƙuri'arsa za ta iya saukewa ne zai saurare shi.