Jawabi a Bikin Karrama Ɗaliban Magarya da Dungas Masu Tafiya Karatun Likita



Masu girma shugabannin mulki na Magarya da Dungas, masu martaba sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku, malamai da iyaye, da ku ƴaƴanmu da kuka ci jarrabawar BAK, barkanmu da ganin wannan rana.

Kowa da abin da ya kai shi likitanci. Wani farar riga ce ta ba shi sha'awa, wani babansa ne ya ce sai ya zama likita, wani kuwa albashi yake hange, kuma neman halali ba abin kunya ba ne. Amma ɗan Bande ko Waca ko Dogo-Dogo yana da dalilin da ya gani da idonsa. Kun san tsakiyar damina a ƙasar nan: gero bai nuna ba, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya cika gari, zazzaɓi da tamowa su taru a kan yaro guda. Kun ga uwa a bisa amalanke da goyo, jikinsa zafi rau, tafin hannunsa fari fat don rashin jini, ana tambaya ko za a kai asibiti da sauran numfashi.

Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa a Magarya. A daminar 2018 ta ba da sanarwar cewa a sashen yara na asibitin nan ana rasa yara kimanin goma kowace rana. Kuna ƙanana a lokacin, amma ƙannenku ne da na maƙwabtanku.

Karatun yana da tsawo, aƙalla shekara bakwai, ko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko a ta Abdou Moumouni a Yamai. Abokanku za su riga ku aure, su riga ku gina gida. Ku daure. Ranar da kuka gama, birni zai yi ta zawarcinku, kuma ba zan ce laifi ne ku saurare shi ba. Roƙona dai ku tuna cewa matar da ta taso daga Malawa tana buƙatar likitan da zai ji kukanta ba tare da tafinta ba.

Iyayen ƴan matan nan kuwa, don Allah ku bar su su kai ƙarshe. Mata da yawa na ɓoye ciwonsu har ya ci ƙarfinsu, don kunyar likita namiji.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa waraka a hannuwanku. Yanzu sai a kira su ɗaya bayan ɗaya su karɓi kyaututtukansu.