Asusun Daidaita Farashin Mai: Wa Ke Biyan Kuɗin Nisan Hanya?

  

A nan Madina, mai mota yana shan fetur samfurin 91 a kan riyal 2.18 kowace lita, daidai da mutumin Yanbu da ke bakin matata. Mu ma a gida an taɓa yi mana irin wannan alkawari, kuma ginshiƙinsa shi ne Asusun Daidaita Farashin Man Fetur, wato PEF, wanda gwamnatin soja ta kafa a 1975.

A wancan lokacin, a cikin kuɗin kowace lita akwai ɗan kaso da ake zubawa a asusun. Dillalin da tankarsa ta yi tafiyar da ta haura kilomita 450, kamar daga Legas zuwa Kano, sai ya gabatar da takardunsa a mayar masa da kuɗin dako. An yi nufin wannan ya zama toshe kafa ne kawai. Amma da matatar Kaduna ta durƙushe, aka kuma yi ta fasa bututu, sai Arewa duka ta koma shan man tanka.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen biya. Karɓa nan take, mayarwa kuwa sai an share watanni. Dillalan IPMAN na Arewa sun sha barazanar yajin aiki kan bashin biliyoyin naira. Su ma ba a wanke su tas ba, domin zargin tankokin da a takarda kaɗai suke tafiya ya sa asusun ya ɓullo da na'urar bin sawu mai suna Aquila. A 2021 dokar man fetur ta narkar da asusun cikin hukumar NMDPRA, bashin kuma ya bi ta.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Bayan kwana biyu NNPC ta sa lita naira 488 a Legas, 557 a Maiduguri. Wannan tazara ta faɗa kan mai adaidaita sahu da manomin rani mai injin ban ruwa, mutanen da ba su zaɓi su yi nesa da teku ba.

Ba mu ce a dawo da asusun yadda yake ba. Mun ga ɓarnarsa. Abin da muke nema daga 'yan majalisarmu shi ne su sa NMDPRA ta bayyana a fili nawa aka tara, nawa dillalai ke bi, da ranar da za a biya su.