Ajiye Kwafin Rajistar Windows da Rubutaccen Umarni



An nemi mu yi magana a kan wani ɓoyayyen sashe na kwamfuta wanda galibinmu ba mu taɓa leƙawa ba, alhali kuwa kullum muna dogara da shi. Wannan sashe shi ne rajistar Windows, watau babban kundin da na'ura ke rubuta yadda aka tsara ta: wace manhaja ke buɗe wane irin fayil, waɗanne ke tashi da zarar an kunna, da zaɓin da kowane mai amfani ya yi wa kansa. Kamfanin Microsoft ya fara shigo da ita cikin Windows 3.1 a 1992, sa'an nan ta bunƙasa a Windows NT da Windows 95, ta gaji aikin ƙananan fayiloli irin su WIN.INI. An tsara ta kamar bishiya, reshe cikin reshe, kowane reshe ana kiransa mabuɗi. Manyan rassa biyu ne suka fi damunmu a yau. HKLM ya shafi na'urar baki ɗaya, HKCU kuwa na mutumin da ya shiga da sunansa ne kaɗai.

Me ya sa ɗalibi zai wahalar da kansa da wannan? A da, Windows kan ajiye kwafin rajista da kanta a wata jaka mai suna RegBack. Tun daga sigar 1803 ta Windows 10, wadda ta fito a 2018, an daina yin haka sai in mutum ya kunna da hannunsa. Wanda ya leƙa jakar zai tarar da ita fayau, ko kuma fayiloli marasa komai a ciki. Bugu da ƙari, Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ga shi da yawa daga cikinmu na ƙaura zuwa wata na'urar. Mutum ya kwashe takardunsa da hotunansa, ya manta cewa tsarin manhajojinsa na can cikin rajista. Mu kanmu mun taɓa shan wannan: aka goge mana na'ura a shagon gyara ana saura mako guda mu miƙa aikin ƙarshe, takardu suka tsira, amma duk adireshin manyan na'urorin da muke shiga da PuTTY ya tafi.

To, PuTTY ɗin nan, wadda Simon Tatham ya rubuta, ita za mu ɗauka misali, domin a rajista take ajiye galibin bayananta. Ana iya buɗe regedit a bi rassa da linzami a fitar da kwafi, amma abin da ake yi da hannu ana mantawa da shi. Tun Windows XP ta 2001 akwai umarnin reg a cikin kowace na'ura. Sai a buɗe Notepad a rubuta layuka huɗu, a ajiye da suna mai ƙarewa da .bat:

@echo off
if not exist "E:\ajiya" mkdir "E:\ajiya"
reg export "HKCU\Software\SimonTatham\PuTTY" "E:\ajiya\putty.reg" /y
if errorlevel 1 echo An kasa fitar da mabudi

Layi na biyu ya zama dole domin reg ba ya ƙirƙirar jaka da kansa. Alamar /y tana sa a rubuta kan tsohon kwafi ba tare da tambaya ba; in babu ita, umarnin zai tsaya yana jiran amsa, in kuwa da dare aka sa shi ya yi aiki shi kaɗai, zai kwana yana jira. Alamun zance da ke kewaye da sunaye suna kare mu in akwai tazara a cikin sunan. Layi na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi muka fi so a riƙe. Umarnin reg kan bar lamba 0 in ya yi nasara, 1 in ya gaza. Wanda bai duba ba yana iya shafe watanni yana zaton yana da ajiya.

Akwai ramuka da ya kamata a sani. HKCU ba wuri ɗaya ba ne ga kowa. In aka gudanar da fayil ɗin da sunan wani mai kula da na'ura, reshensa za a kwafa, ba naka ba. Har ila yau, a Windows mai bit 64, tsofaffin manhajoji masu bit 32 suna da nasu lungu a ƙarƙashin HKLM mai suna WOW6432Node, shi ya sa aka tanadi /reg:32 da /reg:64 don a faɗi wanda ake nufi. Masu son sa kwanan wata a sunan fayil da %date% su ma su yi hattara, don a na'urori da yawa kwanan na zuwa da karkatacciyar sanda, ita kuwa ba ta halatta a sunan fayil ba.

Amma babban kuskure yana wajen mayarwa. Mutane na zaton reg import na komar da rajista daidai yadda take ranar da aka kwafa. Ba haka ba ne. Haɗawa yake yi: ya rubuta abin da ke cikin fayil a kan na yanzu, amma duk abin da aka ƙara bayan ranar yana nan daram. Saboda haka in wata muguwar manhaja ta dasa sabon mabuɗi, mayar da kwafi ba zai tumɓuke shi ba. Mai son a share mabuɗi sai ya sa alamar ragi a gaban sunansa cikin fayil ɗin, ko kuma ya koma ga reg save da reg restore, waɗanda ke ɗaukar reshe dungurungum su maye gurbinsa, sai dai suna bukatar izinin mai kula da na'ura, kuma ba a iya karanta abin da suka fitar da ido.

Fayil ɗin .reg kuwa rubutu ne ƙarara, layinsa na farko Windows Registry Editor Version 5.00, kowa na iya buɗe shi da Notepad. Wannan alheri ne, domin ana iya duba shi kafin a shigar, kuma lalle a duba, musamman wanda aka turo daga waje, tun da danna shi sau biyu da amsa tambaya sun isa ya sake wa na'ura tsari. Ta ɗaya gefen, wasu manhajoji na ajiye kalmar sirri a rajista da ɓoyon da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya tura wa abokinsa kwafin HKCU gaba ɗaya don ya taimaka masa da gyara, ya miƙa masa fiye da abin da ya yi niyya. Shawararmu ita ce a fitar da ƙaramin reshen da ake bukata kaɗai, a ajiye shi a wani faifai dabam da na na'urar, sa'an nan a gwada mayar da shi a wata kwamfutar tun ba a shiga uku ba.