Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jawabi a Kan Yara Masu Galahanga



Na taɓa koyar da wani yaro mai galahanga, larurar da likitoci ke kira otizim. Bai cika magana ba, amma ba ya ta da hankalin kowa. Kwatsam sai ya fara buga kansa da bango, yana cizon duk wanda ya kusance shi. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce a ba shi bulala. Da abin ya ta'azzara aka kwantar da shi a asibiti, sai likita ya gano wani haƙori da ya ruɓe. Aka cire shi, yaro ya natsu. Makonni uku yana sanar da mu ciwonsa da jikinsa, mu kuwa muna ta tsawata masa.

A 2015, likitocin asibitin Pitié-Salpêtrière da ke Paris, a Faransa, suka wallafa bincike a kan matasa 58 masu wannan larura da aka kwantar saboda irin wannan tashin hankali. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ciwon jiki ne sanadi, wato farfaɗiya ko wani raɗaɗi. Kusan rabi kuwa wata larurar ƙwaƙwalwa ce daban, kamar matsananciyar damuwa. Sauran, yanayin rayuwarsu ne, kamar rashin kulawar da ta dace.

A nan Sakkwato muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Sai dai likita na ganin yaro na ɗan lokaci, malami kuwa na tare da shi tun safe har azahar. Abin da idonmu ya gani shi ne fitilar likita.

Don haka ina roƙonku, kowa ya tanadi ɗan littafi. Ku rubuta ranar da halin yaro ya sauya, da abin da ya faru gabanin haka. Ya yi barci? Yana bayan gida? Yana dafe kunne ko kunci? An sauya masa aji ko malami? Hayaniya ce ko zafin bazara? Ku miƙa wa iyaye su tafi da shi asibiti.

Yaran nan amana ce a hannunmu. Kafin hannu ya kai ga bulala, ya fara kai wa ga alƙalami.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi.